Shinkafar Inna a buhun 'yar waje

Shekarun baya, lokacin da gwamnati ta rufe boda ta hana shigowa da shinkafar waje, na yi wani abu da har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Na daɗe ina son in ba ku labarin, kunya ke hana ni. Yanzu da na ga gardamar a buɗe ko a rufe ta sake tashi, kowa ya zama masanin cinikin ƙasa da ƙasa a wayarsa, sai na ce bari dai in faɗi nawa, tunda waɗanda abin ya shafa sun yafe mini.

Ni 'yar Bungudu ce. Mahaifinmu ya rasu ina sakandare, mahaifiyata, Inna, ita ce ta riƙe mu da sana'ar turara shinkafa. Takan sayi shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a hannun manoman fadama, ta jiƙa ta, ta turara a rabin duro, ta shanya a tsakar gida, a kai inji a cashe, sannan ta zauna da faifai ta bakace ta tsince. Da hayaƙin wannan duron na yi karatun koyarwa har na samu aiki a wata firamare a Gusau. Amma in faɗa muku gaskiya, sana'a ce da ta daɗe ba ta da daraja. Shinkafar waje ta cika kasuwa, fara tas, dogayen ƙwaya, ba rege ba tsinta. Tamu kuwa 'yar Hausa ake ce mata, sai wanda aljihunsa bai kai ba yake waiwayarta. Akwai shekarun da Inna kan yi mako guda ba ta hura wuta ƙarƙashin duro ba.

Da aka rufe boda sai lamari ya juya. 'Yan sari da a da ba su san hanyar gidanmu ba suka fara sallama tun da hantsi. Duro ɗaya ya koma uku. Inna ta ɗauki matan unguwa aiki, yawancinsu zawarawa da masu marayu irinta. In ana hira da manya a rediyo kan maganar boda, takan ajiye faifai ta saurara, in wani ya ce a buɗe sai ta yi tsaki ta ce, "Wanga bai taɓa shan hayaƙi ba." Har wasu 'yan kasuwa suka zo mata da tulin buhunan shinkafar waje da aka juye, suka ce ta riƙa zuba tata a ciki, za su ƙara mata kuɗi mai kyau, don masu hali har lokacin buhu suke saye ba abin da ke ciki ba. Ina wurin ta sallame su. Ta ce musu, "Shinkahwata da sunanta za ta tahi kasuwa. In ta yi kyau a ce tawa ta, in ta ɓaci a ce tawa ta." Ku riƙe wannan, don ku san ba a cikin rashin sani na yi abin da na yi ba.

A wannan shekarar aka sa ranar aurena. Wanda zan aura ɗan Gusau ne, gidansu na unguwar Damba. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Hajiya, 'yar kasuwa ce ta gaske. Shekara da shekaru tana kai wake da busasshen tattasai da albasa ƙetaren iyaka, ta dawo da shinkafa da mai da taliya. Akwai mata da yawa a cikin gari da ke karɓar kaya a hannunta su sayar. Rufe bodar da ya tayar da Inna, shi ne ya durƙusar da ita.

Ana saura wata biyu biki Hajiya ta yi zazzaɓi, ƙanwar mijin nawa ta ja ni muka je duba ta. Ina rakuɓe a bakin ƙofa, kaina a ƙasa, ina ta tauna gefen mayafi irin na mai neman a ce tana da kunya. Aka kawo wa Hajiya shinkafa da miya. Loma ta uku sai muka ji ƙas. Ta dafe kunci, ta tofar a hannu, ga tsakuwa ga ɓallin haƙorin Makkanta.

"Kun gani ko?" in ji ta. "Ga abin da sunka ce mu ci don kishin ƙasa. Sun kulle hanya, sun kashe muna kasuwa, sun bar mu da tsakuwa. Ni dai in ba 'yar waje ba, kar a ƙara sa min ita gaba. In babu, a dama min kunu."

Ba da ni take ba. Ina jin ta ma manta ina wurin. Amma ni na fito daga gidan nan da maganar a raina. Abin da kawai nake hangowa shi ne ranar gara, ranar da dangina za su kai kayan abinci gidan miji a baje su a tsakar gida, matan dangin ango su kewaye suna dubawa ɗaya bayan ɗaya. Kun san yadda ake yi. Ba a faɗa a gabanka, amma kafin magariba duk unguwa ta san abin da aka kawo da abin da ba a kawo ba.

Ita kuwa Inna tun da aka sa rana ta fara shirin garata. Ta zaɓi shansherar wani manomi da ta yarda da shi, wanda ke sussuka a kan tamfol ba a ƙasa ba. Ba ta bari ma'aikatanta sun taɓa ba. Ita ta jiƙa, ita ta turara, ita ta tsaya a kan mai inji. Sai da ta yi mako uku tana tsinta, da tabarau ɗinta mai ƙafa ɗaya da ta ɗaure da zare. In na zo hutun ƙarshen mako na ce ta kawo in taya ta, sai ta ce, "Amarya ba ta tsintar gararta. Je ki huta." Buhu huɗu ta haɗa, a fararen buhuna marasa rubutu. Aka kai su gidan gwaggona a Gusau, inda ake tara sauran kayan, tunda can za a sayi mai da sukari da taliya.

Ina da wata ƙawa da muke koyarwa tare, Kirista ce, iyayenta daga kudu suka zo kasuwanci amma a Gusau aka haife ta, Zamfarcinta ya fi nawa. Babanta na da shagon kayan masarufi, don haka ta san cikin kasuwa. Ita na tara da maganar bayan an tashi yara. Na ce ta samo mini buhunan 'yar waje guda huɗu masu kyau, da mai ɗinke baki.

Ta dube ni ta ce, "Inna ta sani?"

Na ce ba sai ta sani ba, ai uwar amarya ba ta zuwa kai gara.

"Ke da nij ji shekaranjiya kina hwaɗa ma 'yan aji biyar su so kayan gida? Har da sa su tahi."

Gaskiyarta. Da bakina na koyar da darasin, har na zana buhu a allo na rubuta sunan ƙasarmu a jiki, yara suka tafa mini. Na ce mata wannan daban, wancan daban. Na yi ta magiya har da 'yar ƙwalla, ta gaji ta ce, "Zan kai ki. Amma in ta tashi, ba ni ciki."

Gwaggona ba ta ba ni wahala ba. Na ce mata buhunan Inna ba su da ƙwari, za su iya fashewa a mota, zan kai a sauya. Ta ce Allah ya yi mini albarka da na lura. Muka ɗora a Keke Napep sai bayan kasuwa, wata rumfa da ake sayar da tsofaffin buhuna. Mutumin bai tambaye mu komai ba, da alama aikin da ya wuni yi ke nan. Ya zaɓo huɗu masu sheƙi, da hoton giwa da rubutun da ba na iya karantawa, ya juye, ya bi bakin da ɗan injin ɗinki na hannu. Da shinkafar ke zuba na ji ƙamshin gidanmu ya taso. Na kau da kai na ce ƙura ce ta shiga mini ido. Fararen buhunan Inna kuwa a nan na bar su, ya ce zai rage mini wani abu a kansu, na ce ya riƙe.

Ranar gara ina cikin ɗaki a lulluɓe, amma kunnena na tsakar gida. Na ji an sauke kaya, na ji guɗa, sannan na ji wata tana cewa, "Har da 'yar waje, cikin wagga marra? Lallai mutanen Bungudu sun yi ƙoƙari." Wata ta ce rabonta da ganin mai giwa tun kafin azumi. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Na gyara zama a bakin gado kamar 'yar wani attajiri. Hajiya dai ba ta ce komai ba sai, "Allah shi sa albarka." Ta sa aka shigar da buhunan ɗakin ajiyarta, washegari ta raba wa dangi a kwano a kwano, ta aiko mini da nawa kason. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin.

Bayan wata guda aka ce zan je ganin gida. A al'ada ƙannen miji ko wata gwaggo ke rakiya, sai Hajiya ta ce ita da kanta za ta, tana son ta yi wa Inna godiya baki da baki. Mijina ya kai mu a mota. Tsakanin Gusau da Bungudu ba nisa, amma sau biyu ana tsayar da mu a buɗe but ana neman shinkafa. Hajiya ta yi ta mita har muka isa. Ni kuwa ban kawo komai a raina ba, ina ta murnar zan ga Inna.

Inna ta share gida, ta ba ma'aikata hutu, ta kife durorin a bayan ɗaki. Aka shimfiɗa tabarma a ɗakinta, mijina ya gaishe ta ya fita wajen maza. Muka rage mu uku. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi gajiyar biki. Sai Hajiya ta jawo jakarta ta fito da wani abu a naɗe, ta warware shi a kan tabarma. Buhu ne, mai hoton giwa.

"Inna," in ji Hajiya, "ba don in ɓata miki rai niz zo da wanga ba. Na yi ta tunani, nig ga in na yi shiru na ci amanar zumunci. An cuce ku. Abin da ke cikin buhunan ga ba 'yar waje ba ta."

Inna ta kai idonta kan buhun.

"Dubi nan," Hajiya ta ci gaba, tana bin bakin buhun da yatsa. "Layin huji biyu na. Ga na kamfani, ga na wanda ya sake ɗinkewa. Zaren ma na kasuwarmu na. Na hi shekara ashirin ina wagga sana'a, ko cikin duhu na taɓa buhu na san an buɗe shi. Abin da ya ban tausai, ke da shinkahwa ke gidanki, kin tahi kin kashe kuɗi don ki hwaranta min, wani marar tsoron Allah ya karɓe. Ki hwaɗa min wanda ya sai da muku. Na san su dut. Sai ya maido muku haƙƙinku."

Da zuciya ɗaya take maganar, wannan ne ya fi kashe ni. Inna ta jawo buhun gabanta. Ta daɗe tana kallon giwar nan. Ta shafa bakin ɗinkin, ta zura hannu ciki ta fito da 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a kusurwa, ta dube su a tafin hannunta. Mako uku ta yi tana kallon ƙwayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ba ta bukatar a gaya mata. Sai ta ɗago ta dube ni, sau ɗaya tak. Ni kuwa na ƙura wa saƙar tabarma ido kamar an ce in ƙirga ta.

"Ba wanda ya cuce mu, Hajiya," in ji Inna. "Shinkahwata ta. Ni na turara ta, ni na sa anka zuba ta ciki. Na ji an ce ba ki cin ta gida, ni kuma ba ni da halin ta waje. Son in hidda ɗiyata kunya ya kai ni. Ki yi haƙuri."

Matar da ta kori 'yan kasuwa da kuɗinsu a kan wannan aikin, ita ce ta zauna a gaban surukarta ta ce ita ta yi. Kalma ɗaya ta ishe ni in gyara. In ce ba ita ba ce, ni ce. Na tuna zan koma Damba in zauna da matar nan shekara da shekaru, na tuna ƙannen miji, na tuna matan da suka yi guɗa. Na yi shiru, kuma na san shirun da nake yi.

Hajiya ta naɗe buhun a hankali ta mayar jaka. Ta ce, "To. Allah shi ruhwa muna asiri baki ɗai." Inna ta ce amin, ta tashi ta kawo abinci.

Shinkafa da miyar taushe ta yi, da man shanu. Na zaci Hajiya za ta ce ta ƙoshi. Sai ta wanke hannu ta ci, a hankali da farko, tana taunawa da gefe ɗaya, daga baya ta saki jiki. Ta ce, "Da haka kowa ke gyara ta, da haurena na nan." Inna ta ce ai laifin masu sussuka a ƙasa ne da masu gaggawar kai wa kasuwa, in aka bar boda a rufe shekara biyar kowa zai koya. Hajiya ta ajiye loma ta ce shekara biyar, wa zai kai?

Daga nan gardama ta kaure, ni ina zaune tsakaninsu kamar kujera. Hajiya ta ba da labarin motar albasarta da rufewar ta rutsa da ita a bakin iyaka, ba gaba ba baya, har albasar ta ruɓe direba ya biya yara suka kwashe ta zuwa rami. Ta ce akwai mata sama da goma da ke cin abinci a ƙarƙashinta, yanzu in ta gan su a biki sai ta sauya hanya don ba ta da abin ce musu. Ta ce mutanen ƙetaren nan 'yan'uwanmu ne, kakarta ma daga can take, yau an wayi gari kai musu wake ya zama laifi. Ta ce masu manyan motoci na wucewa da nasu ta daji, ƙananan ne kawai aka kama.

Inna ta saurara har ta gama. Sannan ta ce ita ma tana da nata. Ta ba da labarin shekarar da ta turara buhu shida ta kai kasuwa sau uku tana dawowa da su, don an sauke 'yar waje da arha. A shekarar ne ta sayar da akuyoyinta ta biya mini kuɗin jarrabawa, abin da ban taɓa sani ba sai ranar. Ta ce manomin da ke ba ta shanshera ya taɓa barin fadamarsa ya tafi Legas gadi. "Lokacin da hanya ke buɗe, Hajiya, mu munka ruhe. Ba wanda ya zo rediyo ya yi muna kuka."

Hajiya ta ce, "Ashe dai wuƙa guda ta, gehen da ta juya shi ka yanka." Inna ta ce, "Su da ke sa hannu ga takarda ba su san ni ba, ba su san ki ba." Ba wadda ta sauya ra'ayi. Da za a kira su zaɓe a kan boda a ranar, kowa layinta za ta bi. Amma da Hajiya za ta tashi, Inna ta riƙe mata mayafi ta gyara mata shi a kafaɗa.

Kafin mu tafi Inna ta kira ni ƙuryar ɗaki. Na shiga ina jiran abin da na cancanta. Ta miƙo mini ƙullin daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya. Ta ce, "Wadda Hajiya ta ɗibar miki, kin dahwa?" Na ce na dafa. Ta ce, "Kin ishe tsakuwa?" Na ce a'a. Ta ce, "To. Tashi ku tahi, kar yamma ta yi muku bisa hanya." Na yi kuka daga Bungudu har kwanar shiga Gusau, mijina yana ta ba ni baki, a zatonsa kewar gida ce.

Shekara huɗu na yi da abin nan a cikina. Na haifi ta fari, na haifi na biyu. Hajiya ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, ko ɗanta. Amma duk lokacin da Inna ta aiko mana da shinkafa, sai in riƙa satar kallon fuskar Hajiya, ina neman alamar raini. In ta yi shiru in ce ga shi nan, tana tuna uwata mai algus ce. In ta yaba in ce kara ce kawai take yi. Ni na ɗaura wa kaina wannan, ba wanda ya ɗaura mini.

Ana nan aka sassauta rufe bodar, kaya suka fara shigowa, farashin ta gida ya faɗi. Masu saye suka ji sanyi, ni ma a albashina na ji, ba zan yi ƙarya ba. Amma a Bungudu duro uku ya koma ɗaya, ɗayan ma ba kullum ba. Ga fadamar da ke nesa da gari an daina zuwa saboda rashin tsaro. Inna ta sallami matan da ke mata aiki tana ba su haƙuri kamar ita ta yi musu laifi. Hajiya kuma ba ta koma fatauci ba, jari ya karye, ƙafa ta ƙi.

Wata rana wasu mata biyu masu sayar da abinci a tasha, tsofaffin abokan cinikin Hajiya, suka zo gaishe ta. Ina kawo musu ruwa na ji suna cewa 'yar waje ba ta auki a tukunya, suna neman mai turara ta gida wadda za a yarda da ita, mai ba da kaya tsakani da Allah ba haɗi. Hajiya ta ce za ta duba musu. Ba ta ambaci Inna ba. Na koma kicin. Na ce wato ƙaryata ce za ta hana uwata ciniki a lokacin da ta fi bukata.

Da la'asar na same ta ita kaɗai tana jan carbi. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga haƙorin Makka har rumfar mai buhu. Na ce Inna ba ta san komai ba sai a ranar, ni ce. Ta bari na gama, ta kai ƙarshen carbinta, sannan ta ce, "Na sani."

Na ɗago.

"Tun ba mu tashi bisa tabarmar ba nig gane. Wanda ya san abin da ke cikin buhu ba ya zura hannu shi duba. Kuma ke, da kin ga huskarki ran nan, ko ɗan yaye ya gane." Ta ɗan yi dariya. "Na yi shiru don uwarki ta sayi rufin asirinki da sunanta, gabana. Abu mai tsada haka, ba ni za ni zubar mata da shi ba. Jira nikai ki kawo da kanki. Kin daɗe, amma kin iso." Game da matan tasha kuwa, ta ce ba ta son yi wa Inna alkawari a bayan idonta ne, ta riga ta yi niyyar kiranta bayan magariba ta ji ko za ta iya. Ta iya ɗin. Cinikin bai mai da duro uku ba, amma ya hana ɗayan mutuwa.

Abin da wannan ya koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Na daina saurin ɗaukar gefe in ana gardamar a buɗe ko a rufe, ko wannan yarjejeniyar da ake ta cewa za ta haɗe kasuwannin Afirka. Ina da ra'ayi, kamar kowa. Sai dai duk wanda na ji yana magana kamar abin lissafi ne kawai, na san bai taɓa zama tsakanin mata biyu da kowacce ke da gaskiya ba. Na kuma gane cewa kafin kwastam su tsaya a hanya, mu muka fara yanke wa kayanmu hukunci a zuciya. Ni da aka yi wa karatu da shinkafar gida, ni na fara jin kunyarta. Har yau Inna da Hajiya in sun haɗu a suna sai sun taɓa, ɗaya ta ce a rufe, ɗaya ta ce a buɗe, jikoki na dariya.

Saura Inna. Ita ce na fi jin tsoro, don ita ba sai ta ce ta sani ba, ta riga ta nuna mini. A ƙarshen makon nan na shiga mota na tafi Bungudu ni kaɗai. Na same ta a tsakar gida tana juya shanya da ƙafa. Na karɓi aikin, ta koma inuwa ta zauna. Sai da na kai ƙarshen tamfol na dawo sannan na iya buɗe baki. Na ce, "Inna, maganar buhunan nan na garata. Ki yahe min."

Ta ce, "Wane buhu?" Na ce ta daina, ta san wanda nake nufi. Ta shiga kaɗe ɓawon da ya maƙale a zanenta.

"Na ji zahi," in ji ta. "Ba zan ce miki ban ji ba. Kwana uku ban hura wuta ba. Amma ba buhun ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, kina cikin tsoro haka, kika rasa wanda za ki hwaɗa ma sai mai rumhwa cikin kasuwa."

Na ce ai na san ba za ta yarda ba, na ga yadda ta kori 'yan kasuwa.

"Su 'yan kasuwa na. Ke ɗiyata ta." Ta ɗago ta dube ni. "Da kin zo kin ce, Inna, ina jin kunya, da na yi miki hwaɗa, ƙila in yi kuka. Sannan in aika a sawo buhunan, in zauna in ɗinke su da hannuna, in bi hujin kamfani ɗaya bayan ɗaya. Da ko Hajiya ba ta gane ba."